Rile Biyu Daga Kwali Ɗaya

Mahbuba irin injiniyoyin nan ce da ba sa yarda da abu tilo, ko makullin ɗaki sai ta yi masa na biyu. Da asibiti suka sallamo mahaifinta, Malam Ahmadu, da injin iskar numfashi zuwa gidansu na Tudun Wada, ita da kanta ta tsara allon lantarkin da zai mayar da injin kan batir da zarar an ɗauke wuta. Rile, ɗan makunnin da ke yin wannan sauyi, guda biyu ta saka, in ɗaya ya mutu ɗayan ya karɓa. Ta ƙara da ƙararrawa. Ta ce wa Gwaggo, ƙanwar Malam mai jinyarsa, muddin ba ta ji ƙararrawar ta yi kuka ba, to ta kwantar da hankalinta.

Ran Talata bayan azahar tana shagonta a unguwar Kongo, sai ga Salmanu mai kemis, fuska a murtuke, riƙe da irin wannan allo da ta haɗa wa firjinsa.

"Injiniya, abin nan naki ya ci amanata. Jiya aka ɗauke wuta, firji bai koma batir ba, allurai duk sun lalace."

"Ƙararrawar fa?"

"Wace ƙararrawa? Ko uffan ba ta ce ba."

Ta kwance murfin tana gwadawa. Rile na farko a maƙale. Na biyu ma a maƙale, a wuri guda, ciwo iri guda. To ina abin mamaki? Daga kwali ɗaya ta ɗebo su, aibin da aka ƙero wannan da shi, shi ke jikin wancan. Ta bi layin ƙararrawar da yatsa, ta ga ashe sai wuta ta ratsa ta cikin rilen kafin ta iso gare ta. In sun mutu, ƙararrawar ma bakinta ya mutu.

Ta ajiye allon. Ragowar rile biyu na kwalin nan suna jikin allon ɗakin Baba. Sai a lokacin ta lura fankar shagon a tsaye take, ba ta ma san tun yaushe ba.

Ta kira Gwaggo.

"Gwaggo, akwai wuta a gida?"

"Ina fa, tun ina wanke shinkafa suka ɗauke. Ga shi har na sauke."

"Injin Baba yana aiki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ƙararrawarki shiru, kamar yadda kika ce."

"Don Allah ki shiga ɗakin yanzu, ki kara hannu a bakin robar injin ki ji ko iska na fita."

Mahbuba ta riga ta fito titi, ba mayafi, tana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu. Ta wayar tana jin takun silifas ɗin Gwaggo a tsakar gida, a hankali, ba gaggawa. Ƙofa ta yi ƙara.

Gwaggo ta rage murya. "Kar na tashe shi, Mahbuba. Rabon da ya samu barci mai nauyi haka har na manta. Ko motsi ba ya yi."