Lokacin Shara

Gwiwoyin Dashawn Ellery sun kusa taɓo haɓarsa a cikin 'yar motar Nadine Kessler, ga kai ya tokare rufi, amma bai yi ƙorafi ba. Tun daga filin jirgi take ba shi haƙuri. Babbar motar kulob ce ya kamata ta ɗauko shi zuwa asibiti, sai dusar ƙanƙara ta riƙe direban a wata unguwa, ita kuwa Nadine da zumuɗinta ta ce a bar mata. Ai nata ne. Ita ta tono shi.

Shekara shida ke nan tana aiki a ofishin ƙididdiga na kulob ɗin ƙwallon kwando na garin. Ba ta taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa hakan. Aikinta ta zauna gaban kwamfuta ta tace alƙaluman wasanni, ta gaya wa manya wanda yake amfanar tawaga da wanda suna kawai yake ci. A cikin wannan tonon ne ta ci karo da Dashawn, dogon yaro mai tsaron gindin kwando, yana ɗumama benci a wani kulob na can yamma wanda shan kashi ya zame masa jiki. Ba a cika sa shi wasa ba. Amma duk sanda yake fili, makin da abokan hamayya ke ci a kowane hari ɗari sai ya zube ƙasa warwas, har babu mai tsaron kwando a ƙasar da ya kamo ƙafarsa. Nadine ta duba, ta sake dubawa, ta ce zinare ne aka yar a bola.

Ta kafe wa manajan kulob, Mista Harlan Boyce, kai da fata har ya yarda. Sai dai mutanen yamma ba su ba da yaron a banza ba. Suka ce a yi musaya, a ba su Cedric Mabry.

Nan ne abin ya yi mata ciwo. Cedric ya shekara tara yana tsaron kwandon garin nan. A nan aka haifi 'ya'yansa mata biyu, a nan matarsa ta buɗe gidan burodi. Sanda Nadine ta zo sabuwa, 'yan wasa suna ganinta da kwamfuta su kama ƙyafta ido, shi kaɗai ya jawo kujera ya ce ta nuna masa abin da take gani. Ta nuna masa cewa in ya rage bin mutum waje, ya ja baya taku guda, zai fi tare hanya kuma gwiwoyinsa za su huta. Ya gwada, abin ya yi. Tun daga ranar yake ce mata Farfesa, ita kuma tana ce masa Tsoho. Jiya da aka gama maganar musayar ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta gaya wa kanta alƙaluma ba su san aboki ba.

Abu ɗaya ya rage. A ƙa'ida musaya ba ta tabbata sai likitan kulob ya duba sabon ɗan wasa, manaja ya sa hannu. Kafin nan Cedric na garin nan ne.

Dashawn dai baki ya ƙi rufuwa. Ya ba ta labarin yadda wakilinsa ya kira shi yana tsakiyar cin kaza, ya zaci tsokana ce har ya kashe wayar. Ya ce mahaifiyarsa a Arkansas ta tara matan cocinsu sun yi ta addu'a. Ya tambaya ko kullum haka garin yake da sanyi. Nadine tana ta murmushi, har ta fara gaya masa irin abin da ta gani a alƙalumansa.

"Ni fa Madam, abin ya ɗaure mini kai," ya ce. "Ko uwata ba ta ganina a talabijin. Kafin a sa ni ta gaji ta kashe. Koci ba ya tunawa da ni sai an ba mu ratar maki ashirin da wani abu, kowa ya fara neman hanyar gida. Kin san sunan da yaranmu suka sa mini? Mai Shara."

Ya tuntsire da dariya. Ita ma ta yi, don sunan ya ba ta dariya. Sai da suka wuce fitilar hanya ta gaba maganar ta sauka a cikinta.

Duk wanda ya yi sati guda a irin ofishinsu ya san lokacin shara. Mintocin ƙarshe ne na wasan da ya riga ya mutu, an san wanda ya ci, manya sun koma benci sun yafa tawul, an sako yara suna ta jifa barkatai. Abin da aka yi a lokacin ba a auna mutum da shi. Akwai ɗan akwati a manhajarsu da ake dannawa ya zubar da waɗannan mintocin kafin a fara lissafi. Kullum a danne yake, shi ya sa ba mai kallonsa. Amma a farkon kakar wasannin nan an sauya musu manhaja.

A asibitin, da ma'aikaciyar jinya ta shige da Dashawn ɗakin ɗaukar hoto, Nadine ta zauna a kujerar jira ta buɗe kwamfuta a cinya. Ta shiga wurin da ake saita manhajar. Akwatin yana nan fari fat, ba a danna ba. Ta danna.

Fiye da rabin mintocin yaron suka ɓace. Abin da ya saura kuwa, sanda ya fuskanci manyan 'yan wasa da gaske, ba abin a zo a gani ba ne. Ba wai ba ya da kirki ba, yaro ne mai tsawo da ƙoƙari, irinsa suna da yawa. Ta jera shi da Cedric. Tsohon da gwiwoyinsa masu ƙara, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ta rufe kwamfutar, ta sake buɗewa, kamar wani abu zai canza. Kai, wannan ba kuskuren ƙwararru ba ne, kuskuren ɗan koyo ne. Ita da take yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan wannan akwatin. Hotunan wasansa ma da ta kalla, kwamfutar ce ta zaɓo mata inda ya yi bajinta, ita kuma ido ya rufe da murnar ta gano abin da kowa ya kasa gani, ko kusurwar allon da ake rubuta maki ba ta kalla ba. Kunya ta kama ta, irin wadda mutum yake ji har cikin haƙoransa.

Mista Boyce ya iso wajen azahar, yana karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗar kwat ɗinsa. Mutum ne mai fara'a da saurin yanke magana, kuma ya riga ya gaya wa mai kulob da 'yan jarida cewa ofishin ƙididdigarsa ya yi kamun da za a daɗe ana labari. Ya shiga wurin likita, bai jima ba ya fito ya yafito Nadine zuwa lungun da injin kofi yake.

Ya ce mata hoton ya nuna tsohuwar karaya a idon sawun yaron. Likita ya ce ta warke sarai, shi bai ga matsala ba, amma in kulob yana son janyewa, wannan ta isa hujja, ba mai cewa uffan. A fasa, kowa ya koma gidansa. Ya tsiyayi kofi ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ni ban san ƙashi ba, ban san lissafi ba," ya ce. "Ke na sani. Cedric nake bayarwa fa, Nadine. Alƙalumanki suna nan yadda kika ce?"

Ƙofa ce a buɗe, ba sai ta ƙwanƙwasa ba. Kalma ɗaya, Cedric ya ci gaba da zama a gidansa. Ta san da haka sarai.

Daga inda take tsaye tana hango Dashawn ta ƙofar ɗakin, yana zaune a bakin gado da rigar asibiti da ko cinyarsa ba ta rufe ba, ya ɗaga waya yana nuna wa mahaifiyarsa ɗakin. In aka fasa, za a ce ƙafarsa ce. Labarin zai zaga ƙasar kafin ya sauka daga jirgi, kuma dogon mutum da aka ce ƙafarsa ta taɓu, ba mai sake waiwayarsa. Wannan gaskiya ne, ta kuma riƙe shi da hannu biyu. Amma can ƙasansa akwai wata gaskiyar da ta fi shi nauyi. Tana ganin fuskar Boyce in ta ce masa akwati ne ba ta danna ba. Tana jin yadda za a riƙa ba da labarin a kowane ofishi, matar nan da ta sayar da Cedric Mabry saboda Mai Shara. Shekara shida tana fama kafin a daina juya ido in ta buɗe baki a taro.

"Suna nan," ta ce.

Boyce ya dafa kafaɗarta, ya jefa kofin a kwandon shara, ya koma ciki. Ta ji yana tambayar likita biro.

Ba ita ta mai da Dashawn ba, direban ya samu hanya ya iso. Yaron ya riƙe hannunta da nasa biyu ya ce ba zai ba ta kunya ba. Ta ce ta sani. Ta tuƙa zuwa filin atisaye ba tare da ta san me za ta yi a can ba, rediyo yana ta maganar musayar, wani mai kira yana cewa Allah ya raka taki gona, Cedric ya tsufa. Ta kashe.

Tana shiga wurin ajiye motoci ta gan shi. Ya buɗe bayan motarsa yana jera kwalaye da takalma, shi kaɗai, don ya hana yaran ɗakin kaya taya shi. Ta so ta wuce. Ya riga ya ɗaga mata hannu, sai ta tsayar da motarta a bayan tasa ta fito.

"Farfesa. Na ɗauka gudu na kike yi."

"Haba Tsoho, ina zan gudu in je?"

Ya yi dariya, ya ce ta zo ta riƙe masa wannan kwalin kada ya zube. Yana jerawa yana magana, ba ɗaci a muryarsa ko kaɗan, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Ya ce jirgin safe zai bi. Matarsa da yaran za su zauna har a gama shekarar karatu, bayan nan a ga abin da za a yi da gidan burodin. Ya samu ɗaki a otal a can. Ya ce jiya ƙaramar ta yi ta kuka tana tambaya me ya sa aka kore shi, ya ce mata ba korarsa aka yi ba, an samu wanda ya fi Baba ne, kuma in an fi ka an fi ka. Ya ce da Boyce ne kawai ya yanke, da sai an ji su har titi. Amma da ya ji daga ofishinta abin ya fito, sai ya yi shiru, don ita ba ta taɓa yi masa ƙarya ba ko sanda gaskiyar ba ta da daɗi.

Ya karɓi kwalin daga hannunta ya tura ciki, ya juyo yana goge hannu a wando.

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini, don in san abin da zan je in gyara. Da nawa ya fi ni?"

Kwamfutar tana rataye a kafaɗarta. Tana iya ƙirƙiro masa lamba, zai karɓa ya yi godiya. Ta kalli ƙasa, ta kalli manyan takalman da ke cikin motar.

"Bai fi ka ba," ta ce.

Ta gaya masa duka, a tsaye cikin sanyin nan. Akwatin, mintocin shara, abin da ya saura bayan ta danna. Bai katse ta ba. Shi ya san lokacin shara fiye da ita, ya sha zama a benci da tawul a ka yana kallonsa. Da ta gama wani ɗan murmushi ya zo masa, kamar an sauke masa wani abu daga ƙirji. Ya ce kuskure ne, kowa yana yi. Sannan murmushin ya tsaya.

"Yaushe kika gane?"

"Ɗazu. A asibiti."

"Kafin Boyce ya sa hannu, ko bayan ya sa?"

Da ta ce bayan, da shi ke nan. Ba wanda ya gani, ba wanda zai taɓa sani.

"Kafin. Ya ma tambaye ni."

Cedric ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai zage ta ba, ita kuwa da zagin ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ɗauki kwalin ƙarshe ya sa, ya rufe bayan motar, ya gwada ko ya kulle. Ya zaga ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. Ta matso, tana jiran ko me zai ce ta ɗauka.

"Matsar da motarki," ya ce. "Kin tare ni."