Ni da Jakin Don Anselmo, Lamba Ɗaya

Wilfrido Arrieta ne ya mayar da ni jaki. Shi ne, ba wani ba, kuma ni na riƙe shi a coci ranar baftismarsa, har ya yi min fitsari a sabuwar riga. Nicolasa, rubuta haka, ki bar dariya. Ban yi makaranta ba, shi ya sa maƙwabciyata mai kifi ke riƙe min biro, amma bakin nawa ne, ni Herminia Cuadrado, mai suyar arepa, wainar masara mai ƙwai a ciki, a rumfa ta bakwai, bakin ƙofar kasuwa, yau shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a.

Da shugabannin kasuwa suka ce kowa sai da kati, mu masu rumfa har da dabbobin da ke jan kaya, Wilfrido suka ba aikin, tunda ya je birni ya karanto kwamfuta. Aka ɗauke mu hoto. Har 'yan kunnena na zuwa coci na sa.

Ranar Talata, saura kwana huɗu bikin waliyyin garinmu, na zo da kaskona da ƙullun masara da ƙwai. Evaristo mai gadi ya ɗora katina a kan na'urarsa. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya sake dubanta.

"Doña Herminia, an yi miki allurar bana kuwa?"

"Allurar me? Matsa in wuce."

"Nan an ce ke namiji ce, launin toka, shekara tara."

Ya juyo min da fuskar na'urar. Kunnuwa zaƙo-zaƙo, haƙora waje. Capitán ne, jakin Don Anselmo mai kawo rogo. A ƙarƙashin hotonsa an rubuta rumfa ta bakwai.

Na ce, "Evaristo, shekara nawa kana cin arepata?"

Ya ce, "Ni na san ki, na'ura ce ba ta san ki ba. In na bar ki kika shiga, ni za a kora."

Kafin rana ta take, Don Anselmo ya ji labari. Tsohon banza, ya ja jakinsa ya ɗaure a rumfata, ya cire hula ya rusuna min ta bayan shingen wayar kasuwa.

"Comadre, 'yar uwa, mai rumfa na neman mai suya, ko kina son aiki?"

Kwana biyu ina suya a rana gefen tashar mota, rabin ƙwai na komawa gida. Ga biki na zuwa, ranar da duk garin ke bi ta gaban rumfar nan. Sai na ɗauki matsamina, ƙarfen da nake tsamo arepa da shi, na nufi ofishin Wilfrido.

"Madrina! Ga kujera." Haka yake kirana, wato uwarsa ta baftisma.

"Jaki ba ya zama a kujera. Yi min bayani, Injiniya."

Ya ƙura wa kwamfutarsa ido, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Kin san injin niƙa? Haka abin yake. Ina zuba suna da ranar haihuwa, ya niƙe su, ya fito da dogon layi na haruffa da lambobi, guda sittin da huɗu. Kowane suna da irin garin da yake bayarwa."

"A ina ka samo ranar haihuwar jaki?"

"Don Anselmo ya ce ranar Kirsimeti."

"Ci gaba."

"Ita rajista lamba take so zalla, ba haruffa. Na mayar da layin lamba, ta yi tsawo ba kyan gani, sai na yanke, na bar biyar na ƙarshe. Na ga mu ɗari huɗu ne kawai, biyar sun isa. Ashe biyar ɗinki da na Capitán sun zo ɗaya. An shigar da shi bayanki, sai ya zauna a gurbinki."

Na ce, "Wato ka niƙa sunana, ka zubar da garin, ka bar ɗan abin da ya maƙale a bakin injin? Ni shekara talatin da ɗaya ban taɓa raba ƙwai gida biyu na sa a arepa ba, kai ka yanke ni don in yi kyau a kati!"

"Madrina, sauke matsamin."

Ban sauke ba sai da ya gyara a gabana. Yanzu lambobin katina guda goma sha takwas ne, sun kusa zagaye katin, kuma ya ce in biyu suka sake haɗuwa na'ura za ta yi ƙara maimakon ta ture wani. Ranar Juma'a Capitán ya fita, ya bar min tsaraba a ƙasa, ni na share.

Ranar biki, gaskiya, kafin sha biyu ƙulluna ya ƙare kaf, don kowa na son ya ga matar da na'ura ta ce jaki ce. Nicolasa ta ce in gode wa jakin. Ki rubuta ban gode ba. Rumfata ta dawo, sunana bai dawo ba. Masu kayan miya kukan jaki suke yi in na wuce. Evaristo sara min yake yana cewa "Capitán!" Har Fada, bayan addu'ar Lahadi, ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko an yi allurar.

Saboda haka, ku shugabannin kasuwa, kuna da lasifikar da kuke cigiyar akuya da ita. Ranar Asabar mai zuwa, lokacin da kasuwa ta cika, ku kawo Wilfrido Arrieta ya riƙe ta da hannunsa. Ni zan tsaya a dama, Capitán a hagu, shi a tsakiya. Ya faɗa wa mutane da bakinsa, cikin mu ukun nan, wane ne jakin.