Addu'ar Aku da askin Baba Tela

Shekara uku cur Baba Tela bai yi magana da ƙaninsa Mai Aski ba, alhali shagunansu a layi ɗaya suke, shago huɗu ne kawai a tsakani. Abin da ya haɗa su ma bai taka kara ya karya ba. Wata Lahadi ce a coci, Baba Tela ya ja waƙa da ƙarfi, muryarsa ta tsinke a tsakiya kamar ta ɗan zakara, ƙanin nasa kuwa ya kasa riƙe dariya a gaban jama'a. Tun daga ranar Baba Tela ya ɗauke masa wuta. Ko aski ya daina zuwa, matarsa ce ke rage masa gashi da almakashin ɗinki, kai duk ya zama tudu da kwari, sai dai ya rufa wa kansa asiri da hula.

Ga shi kuma dattijo ne a coci, mai jan doguwar addu'a, kowa na ganin girmansa.

Akwai jikarsa 'yar shekara shida da ke zaune a wurinsu. Aku ake ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Wata safiya da iyali suka taru a falo yin addu'a, sai Baba Tela ya ce yau ita za ta rufe.

Aku ta runtse ido, ta haɗa tafin hannu. "Ya Uba, mun gode da barci. Ka warkar da ƙafar Mama. Kuma don Allah ka sa Kaka ya yi magana da Kaka Ƙarami yau ɗin nan, don kullum ni ake aika tsakaninsu kuma na gaji. A cikin sunan Yesu, amin."

Matar Baba Tela ta amsa amin da ƙarfin da ya wuce kima. Shi kuwa Baba Tela tari ya kama shi.

Yana buɗe shago, ya zauna kan keken ɗinki yana neman ramin allura, sai ga ta a kansa.

"Kaka, ƙarfe nawa Allah zai amsa?"

"Allah yana da lokacinsa, 'yar nan. Ba a yi masa gaggawa."

"Amma kai ka faɗa mana ran Lahadi cewa Yesu na son yara, idan muka yi magana yana ji."

"Na faɗa."

"To ai ya ji ke nan. Tashi mu je mu gani."

Ta janyo takalmansa daga ƙarƙashin tebur ta ajiye masa a gaba. Baba Tela ya dube ta. Babu wayo a fuskarta, babu tsokana, ita dai ta roƙa kuma ta tabbata an ba ta. In ya ce ba yau ba, da wane baki zai sake tsayawa gaban yara? Sai ya yanke a ransa cewa zai bi ta su wuce ta ƙofar shagon kawai, ta ga babu abin da ya faru, su dawo.

Ai kuwa suna isa, Aku ta ɗaga labule ta kwarma ihu: "Kaka Ƙarami, fito! Ga shi Allah ya kawo shi!"

Mai Aski ya fito riƙe da tsintsiya. Mai gyaran waya na gefe ya leƙo, mai shagon takalma ma ya miƙo wuya. Baba Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Don ya sami abin yi da hannunsa, ya cire hula ya share gumi, ya manta da abin da ke ƙarƙashinta.

Mai Aski ya ƙura wa kan ido. Leɓensa ya fara rawa, ya cije shi da ƙyar.

"Yaya," in ji shi a hankali, "wa ya yi maka wannan ta'asa?"

"Matar yayanka ce."

"Shigo ka zauna, don girman Allah, kafin mutane su gani."

Ya zauna. Aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, injin aski ya fara ƙugi. Hannun ƙaninsa na juya masa kai hagu da dama a hankali, yadda ya saba tun suna samari.

"Yaya, ka yafe mini dariyar nan. Na so in zo tun tuni, tsoron fuskarka nake."

"Ni ne babba, ni ya kamata in zo," in ji Baba Tela. "Kuma gaskiya muryar ta yi muni."

Nan fa dariya ta ɓarke, har sai da Mai Aski ya kashe injin don kada ya yanke masa kunne. Baba Tela ya share ido da gefen ƙyallen, ya ce gashi ne ya faɗa masa.

Aku kuwa ko a jikinta. Tana kan benci tana kaɗa ƙafa tana wasa da mataji, kamar wadda ta aiki yaro kanti ya dawo da saƙo daidai.

"Ke ba ki yi mamaki ba?" Mai Aski ya tambaye ta.

"Mamakin me? Ai na roƙa."

"To gobe me za ki roƙa?"

Ta ɗan yi tunani. "Keke. Ja, mai ƙararrawa."

'Yan'uwan suka haɗa ido ta cikin madubi.

"Yi sauri ka gama," in ji Baba Tela. "Da alama mu biyu muna da zuwa kasuwa."