Jitar da Na Ƙera wa Likitan Haƙori

Shekara goma sha ɗaya ina goge katako a shagon Baba kafin ya yarda in ƙera jita tun daga farko har ƙarshe da hannuna. Sha ɗaya fa. Na yi gugar sanfefa har zanen yatsuna ya shafe, na dafa gam, na buga 'yan ƙarafan wuyan jita, na ɗaura tsirkiya ta fi dubu, amma ko sau ɗaya ban sa hannu a takardar ciki ba. Wannan takarda ita ce komai a shagonmu. 'Yar ƙarama ce, ana manna ta a cikin jita daidai inda mutum zai hango ta idan ya leƙa ta baki, wato ramin da ke fuskar jitar, kuma wanda ya ƙera jitar shi kaɗai yake sa mata hannu. Baba yana sawa, Yaya yana sawa, ni kuwa aikina in shafa mata gam.

Tebur biyu ne na kirki a shagon. Na Baba yana gindin taga, inda haske yake zuba tun safe, na Yaya yana jikin bango kusa da ɗakin fesa fenti. Nawa wani falanki ne a bayan ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya buge ni da murfinta sannan ya ce sannu da aiki. To, da idon Baba ya fara rauni, rannan da safe muna shara sai ya ce ya gaji da teburin taga, zai bayar. Yaya ya ce shi ba ya so, fenti ya fi masa daɗi. Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Aikin da zai shigo na gaba naki ne," in ji Baba. "In mai jitar ya ɗora ta a cinya ya yi murmushi, teburin taga ya zama naki. In bai yi ba, ki koma sanfefa shekara guda."

Ya tuna mini da ɗaya dokar, wadda shi ma da ita aka koya masa: jitar farko ba a sa wa mutum baki. Ba gyara, ba shawara, ko tari mai ma'ana ba a yi. Na ce na ji na yarda, na ma fi son haka, don dama na gaji da ana leƙo mini ta kafaɗa. Na fita bayan shago na yi tsalle uku, na dawo da fuskar mutanen kirki.

Kwana biyu tsakani sai ga mai aikin. Likitan haƙori ne, dogo, mai fara'a, wanda in kana magana ba ya kallon idonka sai bakinka. Ya ce waƙa uku kacal ya iya, matarsa ta haddace su har ta tsane su, amma ya tabbata laifin tsohuwar jitarsa ne. Yana son sabuwa mai gutsure a kafaɗa, wato wannan ɗan lungu da ake yankewa don hannu ya samu sauka can ƙasan wuya. Mu a shago cizo muke ce masa. Na auna tsawon hannunsa, na auna faɗin yatsunsa, na rubuta komai. Ya ce zai yi tafiya, sai bayan mako bakwai zai dawo, ya kuma ce in rage shan zaƙi.

Yanzu sai in faɗa muku abin da kowa a gidanmu ya sani: ni bahaguwa ce. Baba ma da wuya ya kira ni da wani suna sai Hagu. Duk abin da ke shagon na masu dama ne, almakashi, ƙarfen matse katako, har inda aka kafa ƙusar rataye zarto. Jita kuwa in na gama ɗaura mata tsirkiya zan gwada, sai in juya ta, tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa, siririya ta hau sama, in lallaɓa in fitar da ɗan abin da zai fita. Yaya yakan ce kiɗana yana sa masa ciwon ciki. Ban taɓa jin haushi ba, don na ɗauka haka Allah ya yi ni, mai ƙera jita wadda ba ta iya kiɗa ba.

Muna da allon zane mai siffar jita mai cizo, yana rataye a bango, da shi ake fitar da siffar a kan katako. Fuska biyu gare shi kuma duk iri ɗaya, ba wanda ya taɓa yi masa alama, don mai dama in ya sauke shi ya aje, da kansa yake kwanciya daidai. Ni na sauke shi da hagu, ina 'yar waƙata, na shimfiɗa shi a kan katakon da na fi so a duk shagon, na zana, na yanka. Baba yana zaune a gindin taga yana wasa wuƙa. Na ga ya ɗago, ya buɗe baki, sai na ɗauki katakon na kara a ƙirjina don in ji yadda zai zauna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe bakinsa ya ci gaba da wasa wuƙa.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na makonnin nan ba. Asuba nake fitowa, in buɗe shago kafin mai shayi ya hura wuta. Na jiƙa katakon gefe na lanƙwasa shi a jikin ƙarfe mai zafi, ko tsagewa ɗaya bai yi ba. Na fere 'yan sandunan da ake mannawa a ciki, ina ferewa ina ƙwanƙwasa fuskar jitar da ɗan yatsa a kusa da kunne, har ta daina cewa ƙwas ta fara amsawa da dogon numfashi. Ranar da ta amsa na yi rawa da zarto a hannu, telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, katako ne ya yi magana. Ya koma shagonsa yana girgiza kai.

Kuma duk matakin da na kai, sai in ɗora ta a cinya in gwada, in ji ta zauna daram. Kai, ban taɓa riƙe jita ta zauna mini haka ba. Cizon yana nan daidai inda hannuna yake nema, wuyan yana kwanciya a tafina. Sai na bi jikina, na yanka gurbin tsirkiyoyi yadda ya ce, na sa ɗigon alama a gefen wuyan da idona yake gani. Na ce a raina ashe haka gwaninta take, shekara sha ɗaya ana danne ni a bayan ƙofa. Girman kai ya hau ni har na fara tafiya daban.

Yaya kuwa wani ciwo ya same shi. Da ya kalli teburina sai ya cusa wuyan riga a baki ya fita titi, in hango kafaɗunsa suna rawa. Na ce hassada ce, na ma faɗa masa. Ya ce eh, hassada ce, Allah ya yaye masa, ya sake fita da gudu. Da na miƙa masa jitar ya fesa mata fenti, sai da ya zauna a ƙasa hawaye na zuba. Amma doka doka ce, bai ce uffan ba, kuma gaskiya ya fesa ta da kyau, har kana ganin fuskarka a jiki.

Tun kafin fentin, ranar da zan rufe bayanta, na sa hannu a takarda. Sau huɗu na gwada a bayan kwali, sannan na yi na gaske. Na shafa gam na manna, na yi ta leƙawa ta baki kamar mai duba jariri.

Likita ya zo ranar Asabar da hantsi, da sabuwar riga. Na share shago, na goge kujerar baƙi, na sa jitar a akwati don kawai in samu abin buɗewa. Na buɗe. Ya ja numfashi, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ni kuwa ina ta murmushi har ya samu damar ƙirga haƙorana. Ya zauna, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ɗora a cinya.

Cizon ya kalli rufin ɗaki.

Ya juya ta, wuyan ya koma ɗaya ɓangaren. Ya sake juyawa, ya taɓa tsirkiyar sama yana jiran mai kauri, siririya ta amsa masa. Ya dube ni a hankali, irin duban da yake yi wa mutum kafin ya ce sai an cire haƙori.

"Ranki ya daɗe, ko dai ni ne na manta yadda ake riƙewa?"

A nan komai ya faɗo mini lokaci ɗaya: allon zane, bakin Baba da ya buɗe ya rufe, wuyan rigar Yaya. Mako bakwai na yi ina ƙera wa mai dama jitar bahago, ina rawa. Ba abin da za a gyara, don ba tsirkiya kaɗai ba ce, har sandunan ciki a juye suke. Yaya ya kasa riƙewa, ya faɗa kan buhun garin katako yana haki. Likita, bawan Allah, ya yi ta ƙoƙarin ya ce ba komai, wai ko zai koyi kiɗa da hagu. Bai yi murmushi ba, kuma ba zan zarge shi ba. Na ji kunya ta rufe ni, na ji baƙin ciki, na kalli falankina na bayan ƙofa na ce to, ga ni nan dawowa.

Baba ya taso a hankali ya karɓi jitar. Ya ƙwanƙwasa fuskarta a kusa da kunne, nan da can, ya shafa wuyan, ya leƙa takardar. Ya ba Likita haƙuri, ya ce tasa za ta fito nan da mako bakwai in zai iya jira. Likita ya ce matarsa za ta yi murna da jinkirin. Sai Baba ya nuna mini kujerar baƙi ya ce in zauna, ya ɗora mini jitar a cinya.

"Kaɗa mu ji, Hagu."

Na ce masa ai ya san ban iya ba. Ya ce in kaɗa dai. Na sa yatsu, babban yatsana na hagu ya sauka a kan mai kauri, inda ya kamata tun farko ya riƙa sauka. Na kaɗa wata 'yar waƙa da Baba yake gwada kowace jita da ita tun ina rarrafe a shagon, wadda na ji sau dubu amma ba ta taɓa fita daga hannuna a miƙe ba. Da tuntuɓe ta fara, na ɓata wuri biyu, na koma, sai ta fito. Yaya ya daina dariya. Na kai ƙarshe na sake ɗaukowa daga farko, hannuna na dama ya gangara cikin cizon ya samo sautin da ban taɓa kaiwa ba, na ji dariya tana taso mini daga ciki, hawaye kuma yana ɗiga a kan fentin Yaya.

"Na ga allon tun ranar farko," in ji Baba. "Har zan karya doka, sai na ga yadda kika rungume katakon. Shekara arba'in ina auna hannun baƙi, ban taɓa auna na 'yata ba." Ya goge ido da bayan hannu, ya juya wajen Likita. "Likita, kai ka san baki. Wannan da mai jitar take yi, murmushi ne ko kuwa?"

Likita ya sunkuyo ya duba da gaske, ya ce murmushi ne, har haƙoran can ƙarshe yana gani.

Baba da kansa ya kwashe kayansa daga teburin taga. Kafin ya tashi ya kwance ƙarfen matse katako da ya shekara arba'in a gefe ɗaya, ya ɗaure shi a ɗaya gefen. Yaya kuwa ya sauke allon zane, ya ɗauko jan fenti, ya rubuta DAMA a fuska ɗaya da manyan baƙaƙe, ya ce saboda Likita. Na ce ya bari in gama waƙar tukuna, katako ba zai gudu ba.