Albarushin Gwanjo

Mijin yayata, Oldrich Kolaja, wanda kowa a ƙauyenmu Lhota ke kira Olda, ya yi shekara ashirin da biyar yana gyaran bindiga a barikin soja. A shekarun da aka rage yawan sojoji, aka riƙa warware tsofaffin harsasai ana gwanjon albarushinsu ga masu lasisi, sai ya je ya sayo duro guda cur. Ya rarraba shi cikin gwangwanaye goma sha huɗu, ya jera su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda babu zafi babu laima.

Ƙungiyar harbi ɗaya muke ni da shi. Allo muke harbi daga mita ɗari uku, a kwance, kuma kowa da hannunsa yake ɗura harsashinsa, don na kanti bai cika faɗawa wuri ɗaya ba. Ni albarushin kanti nake saye, mai takarda da sunan kamfani a jiki. Shi kuwa nasa ba shi da ko suna, sai wata lamba da aka rubuta da fenti a jikin duron.

"Olda," nakan ce masa, "wannan garin albarushin naka fa ya girme ni. Wata rana za ka ja kunama ya yi maka tari kawai."

"To me ya sa mai tari yake kayar da kai kowace shekara, Svata?"

Gaskiya ya faɗa. A cikin shekara talatin sau uku na wuce shi, ɗaya ma mura yake yi.

Yayata Draha ce ke auna masa. Ta yi shekara talatin da shida tana haɗa magani a kantin magani na gari, hannunta ya saba da awon da ido ba ya gani. Kowace Alhamis bayan karin kumallo takan share teburin kicin, ta rufe taga don kada iska ta taɓa sikeli, ta auna albarushin kowane kwanso ɗaya bayan ɗaya. Shi aikinsa ya wanke kwanso, ya sa ɗan ƙyastun gindi, ya danna dalma a kai. Ba ta taɓa zuwa filin harbi ba. Ta ce ƙara na sa mata ciwon kai, kuma ba ta ga abin kallo a tsofaffin maza kwance ruf da ciki ba.

Bara, saura kwana goma gasar kaka, ta buga mini waya da hantsi.

"Zo ka raba ni da wannan tsohon."

Gida huɗu ne tsakaninmu. Na iske su a kicin, gwangwani na ƙarshe a buɗe a kan tebur, Olda a tsaye ya harɗe hannu, ita kuma ta mayar da sikelinta cikin akwati ta zauna tana feraye tuffa.

"Sansana," ta ce mini.

Na sunkuya. Albarushi mai lafiya ƙamshinsa siriri ne, kamar na ɗakin shan magani. Wannan kuwa tsami ne ya bugi hancina, irin na ruwan kabejin da ya daɗe a tulu.

"Ya juya, Olda."

"Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji," in ji Draha. "Hancin da taba ta kashe tun kafin a haifi 'yarmu Lenka. Miya ta ƙone a gabanka kana karanta jarida ba ka sani ba."

"Na gane," ya ce. "Ya da ƙane kun haɗa baki. Shi yana son ya ci gasa ko sau ɗaya kafin ya mutu, ke kuma kin tausaya masa."

"In da tausayinsa nake ji, da tuni na rage maka awo."

Ta ɗebi kaɗan da cokali ta zuba a farar takarda, ta karkaɗe. Ƙwayoyin suka gangara, suka bar wata ƙura ja-ja a baya. Olda ya kalla ya kau da kai. Ya ce ƙura ce kawai, ya ce gwangwani goma sha uku ya ƙarar babu wanda ya ba shi kunya, ya ce in ba za ta auna ba shi ma yana da hannu. Ya ɗauko sikelin ya kafa, ya ɗebo da cokali. Rabi ya zube a tebur. Ya sake ɗebowa. Draha ba ta ɗaga kai daga tuffarta ba, amma na ga wuƙar ta tsaya.

Garin share abin da ya zube ne ya ture murfin gwangwanin, murfin ya kife. Cikinsa duk tsatsa, ta ci ƙarfen har ya yi ɓawo, alhali wajensa na ƙyalli. Olda ya ɗauka ya daɗe yana kallo. Babu wanda zai koya masa ma'anar tsatsa ta ciki. Shi da bakinsa ya sha gaya wa sababbin 'yan ƙungiya cewa albarushin da ya fara cin gwangwaninsa ba ya jin magana, yau ya yi rauni, gobe ya fasa bindiga.

Ya ajiye cokalin.

"Waɗanda muka ɗura a watan jiya fa?" ya tambaye ta a hankali.

"Daga wannan ne."

"Guda nawa?"

"Tamanin."

Muka wuni muna warware su, ni ina zare dalma, shi yana juye kwanso. Washegari an kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe, muka tafi can bayan lambu nesa da rumbu muka ƙone garin kaɗan-kaɗan, yadda doka ta ƙungiya ta ce, da bokitin ruwa a gefe. Ya sa rigarsa mai kyau, wadda yake zuwa jana'iza da ita.

"In kira fadan coci ya yi addu'a?" na ce.

"Rufe mini baki, Svata. Wannan garin ya fi ka hidima wa ƙasa."

Da aka gama ya ce shi da gasa sai a lahira. Ya ce ba zai koma ɗan koyo da shekara saba'in da ɗaya ba, yana lalube da albarushin 'yan gayu. Ya goge bindigarsa, ya kulle a akwatin ƙarfe.

Kwana uku Draha ta jure. A na huɗu ta shigo gidana ko sallama babu.

"Ba ni rabin albarushinka."

"Yaya, ya ce ba ya so."

"Ban tambaye ka abin da ya ce ba. Kwana uku yana zaune a kicin yana koya mini yanka albasa. Jiya ya jera mini cokula bisa tsawo. Ba ni garin, da takardar da ta zo da shi."

Na ba ta. Ta sa tabarau ta karanta takardar tun daga farko har ƙananan rubutun ƙarshe, a tsaye. Ta ce awon tsohon gari ba zai yi wa wannan ba, kowane magani da ƙa'idarsa. Za ta fara daga mafi ƙanƙanta da kamfani ya rubuta, ta ɗura biyar-biyar tana ƙarawa kaɗan, a gwada a ga wanda bindigarsa ta fi so.

"Sai mu je mu harba mu kawo miki labari," na ce.

"Ku biyun? Shi ya ce duk ba su da kyau, kai ka ce duk suna da kyau. Da idona zan gani."

Yadda ta shawo kansa ban sani ba. Na dai zo ranar Asabar da mota na iske shi a ƙofar gida da jakar bindiga, yana ƙunƙuni cewa rakiya kawai zai yi. Ita ta fito da kwandon kolach, gasasshen burodinmu mai zaƙi, da littafi, da auduga a kunne tun daga gida.

Mutum bakwai muka tarar a filin. Muna shiga rumfa, tsoho Kadlec mai kula da filin ya miƙe daga kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa shugaban ƙungiya ba.

"Kada dai uwargida Kolajova ce, matar Olda?"

"Ni ce," in ji Draha, tana mamaki.

"Kai jama'a, ku zo ku ga mai ƙwayoyin."

Suka taso suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ta juyo ta kalle ni.

"Waɗanne ƙwayoyi?"

Kadlec ne ya ba ta amsa. "Ai mu harsashinsa ba mu san shi da wani suna ba sai ƙwayoyin Draha. Duk ranar da ya ci kofi, in an ce ya yi jawabi, magana ɗaya ce. Wai shi kunama kawai yake ja, mai gasar tana gida. Har mun haddace."

Ni na san wannan shekara da shekaru, ban taɓa tunanin ita ba ta sani ba. Ashe a gida bai taɓa furtawa ba. In ya dawo da kofi sai ya ajiye a kan firji ya ce, "Garin nan bai mutu ba," ya tambayi abinci.

Draha ta nemi Olda da ido. Yana can ya sunkuya yana ta faman shimfiɗa tabarmar harbi da ta riga ta shimfiɗu, ƙeyarsa ta yi ja.

"Haka kake faɗa, tsoho?"

"Kadlec ya tsufa, ƙari yake yi."

"Shekara talatin kana yabon gari a gabana."

"To ke ai kin san kanki. Shi garin ne ba shi da mai faɗa masa."

Ta buɗe kwando ta miƙa wa Kadlec kolach, ta ce kowa ya ɗauka kafin ya huce, alhali tun jiya aka gasa.

Suka yi awa uku a wurin. Yana harba biyar, tana duba allo da madubin hangen nesa, ta karɓi kwanson ta juya gindinsa tana duba ko ya nuna alamar matsi, ta rubuta. A awo na huɗu ramukan suka taru har tafin hannun jariri zai rufe su. Ya so a ƙara, ta ce a'a, nan za a tsaya.

"Ba laifi," ya ce yana tashi, yana dafa ƙugu. "Amma ba shi da hali. Tsohon yana da hali."

Ranar gasa mutum ashirin da shida suka harba. Wata yarinya daga Prostejov ta zo ta ɗaya, Olda ya zo na huɗu, ni na bakwai, ni da shi da albarushi ɗaya, daga gwangwani ɗaya. A wurin cin gulash, miyar naman da ake yi bayan gasa, bai bar ni na haɗiye loma cikin kwanciyar hankali ba.

"Yanzu kuma me za ka ce, ƙanen matata? Ko iska ce?"

"Ai kai yayata ce ta auna maka."

"Da ka nemi mace mai sikeli. Wa ya aike ka auren malamar makaranta?"

Matata Vlasta tana gefe ta ce kada a sa ta a ciki, ita takardun jarrabawa take dubawa, kuma in da ita ce alƙaliya da dukanmu mun maimaita aji.

Bayan an watse, Draha ta tambayi Kadlec ko baƙo zai iya gwadawa. Ya ce in mai lasisi na kusa da shi, babu laifi. Aka kafa sababbin alluna biyu, don ni ma ina son in huce haushi. Olda ya taimaka mata ta kwanta, ya gyara mata gindin bindiga a kafaɗa, yana ta bayani har ta ce ya yi shiru ta ji da ɗaya. Ta harba sau ɗaya, ta tashi tana murza kafaɗa, ta ce ya isa.

Aka sauke allunan. Nata fes, babu ko ƙwarzane. Nawa kuwa ramuka shida ne, alhali biyar na harba, kuma na shidan yana daf da tsakiya, ya fi duk nawa kusa. Na ce nawa ne, lissafi na ɓata. Kadlec ya ƙirga kwansona a gaban kowa, biyar. Ashe allona ta harba. Olda ya karɓi allon ya naɗe ya cusa a jakarsa, ya ce ba zai bar shaida a hannun wanda ake tuhuma ba.

Draha ta cire audugar kunnenta, ta ce wani ya ɗauko mata kwandonta, ƙafafunta sun yi sanyi.