Kebul ɗin Baba Hawainiya

Ranar da matar Dogo ta fara naƙuda, ranar ce rautar tashar kan dutse, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin rassan ofis, ta ga damar ɗaukewa. Dogo, mai kula da na'urorin ofis, ya riga ya rataya jaka zai wuce asibiti, sai ga manaja a bakin ƙofa: rassa duk sun tsaya cik, ko ya gyara daga nan, ko ya kama hanyar dutse yanzu. Tafiyar kuwa wuni guda ce, ga shi haihuwar fari.

Dabara ɗaya ta rage. Akwai tsohon modem a tashar, na'urar da ke amsa kiran kwamfuta, an haɗa shi da rautar da kebul, ta yadda in komai ya mutu za a iya kiran sa ta layin tarho a shiga. Tun da aka sa shi ba wanda ya taɓa kira.

Wanda ya haɗa kebul ɗin shi ne Baba Hawainiya, da ya yi ritaya bara. Kai, mutumin nan akwai nawa! Kebul da kowa zai liƙa silolin waya uku ya tashi, na aikawa, na karɓa da na ƙasa, shi sai ya gyara zaman tabarau, ya bi silolin kaf da dalma, ya gwada kowanne. In an tsokane shi sai ya ce, "Uku na kwamfutar da ke gabanka ne, ɗana. Modem yana nesa, dole a ba shi wayar da zai gaya wa rauta cewa kira ya yanke, da wadda za ta ce masa ya ajiye. In ba haka ba, ya riƙe layi har Mahadi." Su Dogo su yi ta dariya, shayinsa na hucewa.

Dogo ya buga lambar. Modem ya yi ƙararsa, rubutun rauta ya fito a allo. Alhamdulillahi! Ya gano saitin da ya rikice, ya fara gyara ke nan, layi ya yanke ɗif.

Ya san halin kebul mai siloli uku irin wanda shi yake haɗawa: kira na yankewa, shi ke nan, sai wani ya je ya kashe ya kunna da hannu. Wayarsa na ta ruri a aljihu, surukarsa ce. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya sake bugawa. Ƙara ɗaya, modem ya ɗauka, rauta ta nemi kalmar sirri kamar ba abin da ya faru. Layin nan ya yi ta yankewa, modem kuma yana ta ɗauka, har Dogo ya gama. Fitilun rassa suka dawo kore.

A kan matakala ya kira tsohon. "Baba, kebul ɗinka na dutse! Wallahi ya ajiye, ya sake ɗauka. Ka cece ni, mai ɗakina tana asibiti za ta haihu."

Tsohon ya ce, "Ya ajiye da kansa?"

"Da kansa, Baba."

"To madalla. Kai ma ajiye, sakarai, ka tafi wajen matarka."