Tofin Malam Surajo

Duk Gummi an san Malam Surajo da tofi. Yaro ya kwana yana firgita, ko jinjiri ya ƙi nono, zaurensa ake nufa. Ya karanta, ya tofa, uwa ta shafe wa ɗanta jiki ta koma gida da kwanciyar hankali.

Sai ga ciwon daji ya tsiro masa a maƙogwaro. A asibitin Sakkwato aka riƙa ɗaure kansa a gado da wata roba mai kama fuska, na'ura tana gasa wurin. Ciwon ya lafa, amma gashin na'urar bai tsaya kan ciwon kaɗai ba. Wuya ya yi baƙi yana saɓa, baki ya bushe ƙayau, furar da yake mutuwar so ta koma masa kamar jiƙaƙƙiyar toka. Yawu kuwa, in ma ya samu, kauri ne da yauƙi da wani ɗoyi da shi kansa ke tayar masa da zuciya. Ya tsani bakinsa. Ya tsani gwangwanin tofar da yawu da matarsa Asabe ke ajiye masa a gefen buzu, har ba ya son ganin ta ɗauka.

Da ya dawo gida, ya so ya ɓuya. Ina! Mutane ba su san wannan ba. Da hantsi sai ga Zulai, 'yar maƙwabcinsa, da jinjirarta Fiddausi, jiki zafi rau.

"Baba Malam, masassara ta hana ta kwana. A taimaka a yi mata tohi."

"Zulai, bakin ga nawa ba shi da daɗi yanzu."

"Haba Baba, ni ma kai kay yi min ina ƙarama. Bakinka ai albarka na."

Kunya ta hana shi musu, kuma gaskiya ya ji daɗin maganar. Ya jawo yarinyar, ya karanta da muryarsa da ta dishe, ya hura. Iska ce kawai ta fito. Zulai ta leƙa fuskar ɗiyarta, ta dube shi.

"Baba, bai taɓa ta ba."

Ya tattaro abin da ke maƙogwaronsa da ƙyar, ya sake tofawa. Wani gudan majina mai rawaya-rawaya ya faɗa a kumatun Fiddausi, zarensa na reto daga leɓensa. Warin ya cika zauren. Ya ga wuyan Zulai ya motsa, tana haɗiye amai. Amma ta ce, "Amin, amin," ta sa tafin hannu ta fara shafe wa jinjirar fuska da shi, har kusa da baki.

Ƙyama ta turnuƙe Malam. Ya fizge yarinyar, ya ɗauki butarsa ya shiga zuba mata ruwa, yana cuɗa ɗan kumatun da bakin rigarsa. Fiddausi ta tsala kuka.

"Baba! Addu'ar kaka wankewa!"

"Ki kai ta asibiti yanzun ga," ya ce, bai daina wankewa ba.

Da suka fita, ya daɗe yana duban hannunsa. Sannan ya kira Asabe.

"Ɗauke buzun ga ki kai ciki. Kowa yaz zo, ki ce mai na bar tohi."